Muryar da Na Ɗauko a Arewacin Cadakori

Ina jin ku duk sa'ad da kuka taru gaban tele lokacin labaru. Sai ɗayanku ya ce wannan ai ba aiki ba ne: ka sa babbar riga, ka zauna cikin sanyi, ka karanta abin da wani ya rubuta maka. Ba na tanka muku. Amma tun da yanzu har akwai masu cewa aikin suke so a cikinku, ku zauna ku ji yadda ni Isuhu na same shi.

Na yi shekaru masu yawa a kujerar nan ina karanta labaru da Hausa, kuma babu wani sanyi a ɗakin. Manyan fitilu ne bisa kanka suna gasa ka, gumi na bin gadon bayanka, ba ka da ikon ɗaga hannu ka share. A zamaninmu babu gilashin da rubutu ke gudana a kansa. Takarda ce gabanka, ka ɗauki jimla da ido, ka ɗago ka faɗe ta, ka sake sunkuyawa ba tare da an lura ba. Wanda kake faɗa wa kuma ba mutum ba ne. Baƙin ramin bakin kamara ne, da ƴar jar fitila a kansa. In ta kama, sai ka yi wa ramin nan sallama da fara'a kamar surukinka ne ya shigo. Goggona a Agiye, ranar da ta fara ganina cikin akwatin da aka kafa a ƙofar buro, wato ofishin hukuma, ta amsa sallamar, ta yi mini ban gajiya. Da ta ji ban amsa ba, ta ja mayafinta ta koma gida. Ta ce abin da ta gani ya yi kama da Isuhu, amma Isuhu yana ƙifta ido.

Sai dai tele daga baya ta zo. Ni a rediyo na koyi aiki, a shekarun farko na mulkin kai, lokacin da na fito lakol, wato makarantar boko, ana neman samari masu jin Faransanci waɗanda Hausarsu ba ta lalace ba. Aka haɗa ni da Malam Tanko, tsohon tafinta, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana tsaye tsakanin kumandan, Baturen mulki, da talakawa. Labaru da Faransanci suke zuwa, mu za mu juya su. Aikina na farko a hannunsa shi ne sanarwar fita yi wa shanu allura. Kalmar da suka yi amfani da ita, ita ce dai wadda suke faɗa in za a fita yaƙi, ni kuwa na rubuta yadda na gani. Malam Tanko ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Yaro, in ka ce yaƙi a rediyo da safe, kafin azahar babu namiji ko ɗaya a Gazawa, duk sun shige daji. Mutanen nan ba su manta da kamun soja ba." Daga ranar, duk kalmar da muka yi shakka a kanta sai ya tura ni kasuwa in faɗa wa masu awon gyaɗa. In sun ce mini "wato me ke nan?", in dawo in sake.

Shi ya koya mini cewa ba a karanta rasuwa da muryar da aka karanta farashin gyaɗa, kuma ba a kuka a cikinta. Shi ya koya mini in tambayi sunan mutum in maimaita masa har ya ce haka ne, domin mutumin ƙauye yana yafe maka ka ci masa gona kafin ya yafe ka ɓata sunan ubansa a gaban duniya.

Da aka ga na iya, aka maido ni Maradi in riƙa zagaya ƙauyuka ina ɗauko magana. Kayan aikina akwati ne mai nauyin buhun gishiri, muna ce masa manyeto, da mikro da ake kai wa bakin mai magana, da pil, wato batura, da bandi, wato siririn zaren da magana ke hawa, a naɗe bisa faifai. Bandi ba ya son zafi, sai ya manne. Don haka nakan naɗe shi cikin jiƙaƙƙen tsumma. Mikro ba ya son iska, sai na sa masa tsohuwar safa. Pil kuwa a aljihun ciki nake ajiye su, don in suka mutu a daji aikin ranar ya mutu.

Akwai wani aiki da na yi kusa da Gazawa, a bakin wata rijiyar makiyaya. Na ɗauki maganar wani dattijon Bafillace kan ƙarancin wurin shayarwa. Da muka gama ya ƙi tashi, ya ce sai na maida masa muryarsa, ba zai bar ta ta kwana a hannun baƙo ba. Na juya bandin na kunna masa. Yana ji fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Wannan ba ni ba ne. Baffana ne, wanda ya rasu tun ina kiwon maruƙa." Ya sa na sake kunnawa, ya durƙusa ya gai da akwatin da Fillanci, ya tashi ya bi shanunsa bai waiwayo ba. Na ga irin wannan ya fi a ƙirga. Mutum ba ya gane muryarsa in ta fito daga waje, ta wani mamaci na gidansu yake ji.

Shekarar da ta fi kowace wuya ita ce ta babban fari. Damina ta yi ƙarya, wadda ta biyo ta ma ta yi ƙarya. Rumbuna suka ƙare, aka ci irin shuka, aka koma ganye da dusa, sannan aka watse. Wasu suka yi Maradi, wasu Tibiri, da yawa suka ƙetare iyaka suka yi kudu. Miji bai san inda matarsa take ba, uwa ba ta san inda ɗanta ya faɗa ba. Sai aka buɗe mana shirin cigiya: in je in sami mutum, ya faɗi sunansa da garinsu da wanda yake nema, mu watsa. Ban taɓa yin aikin da mutane suka kasa wa kunne kamar wannan ba.

Wata rana cikin bazara, Sallar Layya ta daɗe da wucewa, muka fita da direbana Sani muka yi arewacin Cadakori. Rana ta take tsaka motar ta yi zafi cikin rairayi, ta tsaya. Sani ya buɗe mata baki ya ce sai ta huce. Na hango kawunan ɗakuna ba nisa, na rataya manyeto na ce bari in leƙa. Ba zan faɗi sunan garin ba, jikokin mutanen suna nan.

Tun daga bakin gari na san ba kowa. Babu kare, babu kaza, babu ƙarar taɓarya. An ɗaure ƙofofin ɗakuna da igiya, rairayi ya taru a bakinsu. Rumbuna a buɗe, an tuɓe musu huluna. Rijiya ba guga ba igiya. Ko ungulu babu a sama. Na yi sallama a gida na farko, na biyu, muryata ce kawai take dawo mini. Na duba ƙasa ko zan ga sawu, ban ga na kowa ba sai nawa.

Har na juya, sai na hango mutum a ƙarshen gari, zaune gindin wani rumbu, ya fuskanci hanyar da ta yi kudu. Tsoho ne, ya lulluɓa da gwado har wuya, cikin wannan zafin da ƙarfen akwatina ma ba ya taɓuwa.

Na ce, "Salamu alaikum, Baba."

Ya ce, "Wa alaikumus salam. Kai ne mai akwatin?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "Ka daɗe."

Na ɗauka ya taɓa jin shirin ne a wani wuri yana jiran a zo. Na tsuguna na miƙa masa gorar ruwana. Ya girgiza kai, ya ce, "Bar ruwanka, kana da tahiya. Buɗe abin."

Na sa mikro kusa da bakinsa, na kunna, na ga allurar akwatin tana motsi yadda ya kamata. Bai yi inda-inda ba kamar yadda mutane ke yi in sun ga mikro. Ya ce, "Ni ne Nomau." Ya faɗi sunan ubansa da na garin. Ya ce, "Ina cigiyar iyalina, Cima da ɗana Labo, da sunka yi kudu. A gaya musu iri na nan, ban ci ba, ban ba kowa ba. Shina wurin da munka binne cibiyar Labo. In ruwa ya sauka su zo su shuka, kada su tsaya jiran kowa."

Na tambaye shi ko akwai ƙari, ya ce babu. Na kashe akwatin, na ce, "Baba, wa ke ba ka abinci a nan?"

Ya ce, "An gama da wanga."

Na ce ya bari mu kai shi Cadakori, ana rabon hatsi can.

Ya ce, "Ba a ɗaukata, yaro. Tashi, direbanka na kira."

Ban gaya masa da mota na zo ba. Ina miƙewa kuwa na ji Sani yana danna oda daga nesa. Na koma na gaya masa akwai tsoho shi kaɗai a garin. Muka gwada shiga da motar, rairayi ya hana. Da muka iso Cadakori na roƙi masu rabon hatsi su tura amalanke a ɗauko shi, suka ce to, amma garuruwan da ke jiransu suna da yawa.

A Maradi akwai Jibo, mai gyaran bandi. Aikinsa ya sa abin ji a kunne, ya bi magana a hankali, duk inda mutum ya yi tari ko ya ja dogon numfashi ya yanke da reza ya liƙe, don kada a ɓata lokacin shiri. Mutanen shekarar nan suna ba shi aiki, domin mai yunwa ba ya kai ƙarshen jimla sai ya huta. Ya bi maganganun ranar ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan ta Nomau. Ya saurara, ya maida baya, ya sake saurara. Sannan ya ajiye rezar.

Ya ce, "Isuhu, ina ka samo wannan tsohon?"

Na gaya masa.

Ya ce, "Babu abin yankewa. Ka ji naka numfashin nan, kai da ke riƙe da mikro. Shi da mikron ke bakinsa, tun daga farko har ƙarshe bai ja ko sau ɗaya ba."

Na ce wataƙila safar ce ta tare. Jibo ya kwafi saƙon ya haɗa da sauran, muka aika babban gidan rediyo a Yamai, aka watsa. Na asalin ya zauna a wurina.

Bayan ƴan makonni, sama ta fara haɗa gajimare da yamma, aka ce ina da baƙi a ƙofa. Wata dattijuwa ce ramammiya da wani magidanci, ƙafafunsu duk ƙura. Magidancin ya ce shi ne Labo, wannan mahaifiyarsa ce. A Jibiya suke, yana ga-ruwa. A rediyon wani mai shayi ya ji muryar ubansa, ya ajiye garwa ya ruga ya gaya mata. Ya ce lokacin da za su baro gari tsohon ya ƙi tashi, ƙafarsa ma ba ta tafiya, suka bar shi hannun maƙwabta da niyyar su dawo su ɗauke shi in sun sami wurin zama. Wurin zaman bai samu ba.

Na shigar da su na kunna musu bandin. Cima ta rufe baki da gefen zanenta har ya ƙare. Ta ce, "Shi ne." Sannan ta ce, "Ɗana, da ka gan shi, ya rame ƙwarai?"

Na ce, "Inna, a lulluɓe yake, amma muryarsa da ƙarfi, kin dai ji."

Ta yi hamdala. Zagayena na gaba dama can ya nufa, na ce su shiga mota.

Muka faɗa Cadakori ranar kasuwa, in za a kira abin da muka tarar kasuwa. Sani ya tsaya neman ruwan mota. Muna tsaye sai wani tsoho ya ratso mutane ya kama hannun Labo da hannu biyu. Labo ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce mini wannan Baba Arzika ne, maƙwabcinsu, wanda suka bar wa tsohon.

Arzika ya ce, "Labo, sai haƙuri. Allah shi jiƙan tsoho. Na yi cigiyarku ban samu wanda ya san inda kuke ba."

Labo ya ce, "Wane tsoho, Baba? Ga wanda ya gan shi nan, har ya ɗauko maganatai."

Arzika ya dube ni. Ya ce, "Yaushe ka gan shi, malam?"

Na ce cikin zafin nan, bayan Layya da daɗewa.

Ya ce, "Ni na yi mishi wanka. Ni na sa shi rami, da ni da waɗanda sunka rage. Cikin ɗari ne, ba a yi Layya ba. Da hantsi na kai mishi kunu na iske shi gindin rumbu cikin gwadonai, rai ya yi halinsa. Bayan nan munka ɗaure ƙohohi munka taso."

Ni kuwa na yi abin da aiki ya koya mini, na shiga tambaya. Ko Nomau yana da ɗan'uwa mai irin muryarsa? Babu. Ko akwai wani tsoho da ya koma garin daga baya? Arzika ya ce wa zai koma inda rijiya ta ƙafe. Ko na rikita garin da wani? Ya ce in kwatanta. Na kwatanta masa rijiyar, da rumbun ƙarshen gari, da gwadon mai baƙin ratsi. Ya ce a cikin gwadon nan suka ɗauke shi, don ba a sami likkafani ba. Na je wurin masu rabon hatsi, suka ce sun tura amalanke, mai amalanken ya dawo ya ce bai tarar da kowa ba.

Cima ce ta katse mu. Ta ce, "Mu tahi."

Arzika ya shiga motar tare da mu. Sani ya gane inda ta taɓa tsaya mana, ya ajiye ta can, wannan karon ya biyo mu da ƙafa bai tsaya shi kaɗai ba. Garin yana nan yadda na bar shi. Gindin rumbun ba kowa. Arzika ya kai mu gabas da gari ya nuna mana kabari, an jera masa ƙaya, rairayi ya fara cinye ta. Muka yi addu'a. Labo ya daɗe a durƙushe.

Cima ba ta jira shi ba. Ta shiga gidanta, ta zaga bayan wani ɗaki, ta tsaya kusa da inda danga ta faɗi, ta nuna ƙasa da ƙafa. Labo ya zo ya kwance ƙofa ya ɗauko tsohuwar hauya ya fara tono. Wurin a shafe yake, ba alamar an taɓa shi. Ya yi zurfin kamu, hauyar ta bugi wani abu. Tuluna ne biyu, an liƙe bakinsu da laka. Ya fasa na farko, gero ne gauraye da toka, ƙwaya ko ɗaya ba ta huje ba. Na biyu wake.

Arzika ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Da hannuna na riƙa ba shi kunun dusa, yana sha yana godiya. Ashe wanga na bayan ɗaki."

Cima ta ɗebi geron a tafin hannu ta duba, ta maida, ta rufe. Sannan ta juyo gare ni ta ce in zo da akwatin. Ta yi gaba muka bi ta har gindin rumbun. Ta ce in ajiye shi inda na same shi zaune, in kunna.

Na ajiye na kunna. Muryar ta fita cikin garin nan da ba kowa, ta faɗi sunan Cima, ta faɗi na Labo, ta ce su zo su shuka kada su jira kowa. Da ta ƙare, Cima ta gyara mayafi, ta ɗan rusuna kamar yadda mace ke yi in ta kawo wa mijinta ruwa.

Ta ce, "Mun ji, Malam. Mun zo."

Ta dube ni ta ce, "Ɗana, ana iya hidda shi daga ciki?"

Na ce ana iyawa, in aka ɗauki wani abu a kansa, na farko sai ya shafe.

Ta ce, "To hidda shi. Ya isar da saƙonai, a bar shi shi huta."

Ba a ba mu izinin shafe bandin asali ba sai shugaba ya sa hannu. Duk da haka na maida bandin farko, na cire mikro, na danna maɓallin ɗauka. Muka tsaya mu biyar cikin rana muna kallon faifan yana juyawa har zaren ya ƙare ya fara kaɗa wutsiya.

Su uku suka ce sun zauna ke nan, za su yashe rijiya su jira ruwa. Muka bar musu abin da ke cikin motar na ci da sha. A labarun makon na rubuta cewa manoma a arewacin Cadakori sun fara komawa gida suna shirin damina, domin shi ne abin da zan iya tsayawa a kansa in an tambaye ni. Bandin kuwa na maida wa Jibo cikin waɗanda ba komai a kansu. Ya juya shi a hannu, ya gane shi, bai tambaye ni ba. Washegari aka ɗauki sanarwar rabon irin shuka a kansa.